Sabon Mai Gida Ya Ce In Tashi, Alhali Wa'adina Bai Cika Ba

TAMBAYA

  Barista, ni tela ne a Kubwa, cikin Abuja. Na kama hayar shago mai ɗaki a baya, muka rubuta yarjejeniyar shekara 3 da mai gidan, ina biya shekara-shekara, yanzu ina cikin ta biyu. A takardar an rubuta cewa gyaran rufi da bangon waje na mai gida ne, gyaran ciki nawa ne, kuma ba zan ba wani hayar shagon ko wani sashe nasa ba sai da izininsa a rubuce. Tun daminar bara rufin ke yoyo, har ruwa ya ɓata shaddar mutane na biya daga aljihuna. Na yi masa magana ya fi a ƙirga, kullum sai ya ce za a turo kafinta. Ana nan sai na ji ya sayar da gidan. Sabon mai gidan ya aiko ejan ya ce in tashi cikin wata guda, wai shi bai sa hannu a wata takarda da ni ba, kuma wai ni na fara karya sharaɗi, don na bar wani yaro mai POS ya ajiye teburinsa a barandar shagon yana ɗan ba ni wani abu duk wata. Makon jiya an cire wayar wutata daga mita, ejan kuma ya ce in ban fita ba za su kwashe kwanon rufin. Saura wata 2 in biya kuɗin shekara ta uku. Abokan sana'a sun ce kada in ba da ko sisi sai an gyara rufin an mayar min da wuta. Don Allah mene ne matsayina a doka? A addini kuma ina da hakki, ko ni ne da laifi?

Ɗan haya, Kubwa.

AMSA

 Allah ya mayar maka da alherin abin da ka rasa. Zan fara da abin da ya fi gaggawa. Shawarar da abokan sana'arka suka ba ka, ka ajiye ta gefe. Na san da zuciya ɗaya suka faɗa, kuma wanda ruwa ke ɗiga a kan keken ɗinkinsa da wuya ya ga dalilin miƙa kuɗin shekara ga mutumin da ya yanke masa wuta. Sai dai a yau, bisa abin da ka zayyana, kai ne mai rinjaye a gaban alƙali. Ranar da lokacin biya ya wuce ba ka biya ba, ranar ce za ka damƙa wa sabon mai gidan hujjar da yake ta lalube bai samu ba.

Ya kamata ka san inda dokar da ke kanka ta samo asali, don shi zai fahimtar da kai dalilin da ya sa wasu hukunce-hukuncenta suke da tsauri haka. Turawan mulkin mallaka sun shigo mana da dokar Ingila: hukunce-hukuncen alƙalansu, da manyan dokokin da ke aiki a can a ranar 1 ga Janairun 1900. Duk abin da majalisunmu ba su sauya ba yana nan daram. Shi ya sa za ka ji lauya a Abuja yana kafa hujja da dokar cinikin filaye da gidaje ta Ingila ta 1881, wadda su masu ita suka maye gurbinta tun 1925. A kan wannan aka ɗora dokar karɓar gida daga hannun ɗan haya da ke aiki a Abuja, jihohi kuma kowace da irin tata. Wannan dokar tamu ta fi mayar da hankali ga yadda ake fitar da mutum. Amma batun wane ne zai yi me a tsakaninku, takardarku ce ke faɗa, inda ta yi shiru kuma a koma ga tsohuwar dokar Ingila.

Kowane sakin layi na takardar haya alƙawari ne, wani naka, wani nasa. Bayan waɗanda kuka rubuta, akwai waɗanda doka ke ɗora muku ko ba ku ambata ba. Mai gida zai bar ka ka zauna lafiya ba tsangwama, kuma ba zai yi abin da zai lalata amfanin da ka kama wurin dominsa ba. Kai kuma za ka biya haya, ka riƙe wurin da amana, ka bar shi ya shigo ya duba gyaran da ke wuyansa, kuma ba za ka musanta cewa gidansa ne ba. Hayar da ba ta wuce shekara 3 ba, ko da baki aka ƙulla ta doka ta san da ita, balle taka da ke rubuce. Wadda ta haura shekara 3 ce ke buƙatar takarda mai hatimi da rajista.

To, mu zo kan "ban sa hannu ba". Wannan magana ba ta da tushe. Wanda ya sayi gida da ɗan haya a ciki kamar wanda ya sayi gona ne da shukar wani a kanta: ƙasa tasa ce, amma sai an girbe. Doka ta ɗora wa mai saye ya je ya ga gidan, ya tambayi wanda ya tarar a ciki da wane hakki yake zaune. In bai tambaya ba, ana lissafa shi a matsayin wanda ya sani. Wannan ƙa'ida ta tsufa ƙwarai. Lokacin da Sarki Henry na Takwas ya ƙwace filayen gidajen ibadar Kirista ya raba wa mutanensa, sababbin masu filayen sun tarar da 'yan haya riƙe da takardun da ba da su aka yi ba. Sai aka yi doka a 1540 cewa sabon mai fili zai iya bin ɗan haya da sharuɗɗan tsohuwar takarda, shi ma ɗan haya zai iya bin sa da su. A 1583, a shari'ar da lauyoyi ke kira ta Spencer, wadda ta taso kan alƙawarin gina katangar bulo, alƙalai suka raba alƙawura gida biyu: waɗanda suka shafi ginin da yadda ake amfani da shi, su suna bin gidan duk hannun da ya koma; da waɗanda ke tsakanin mutum da mutum kawai, su suna tsayawa a kan wanda ya ɗauka. Dokar 1881 ta jaddada haka a sashe na 10 da na 11. Biyan haya, gyaran rufi, zama lafiya, hana ba wani haya, duk suna cikin kashin farko. Saboda haka rufin nan da tsohon mai gida ya yi ta ja maka rai a kansa, yau yana wuyan sabon.

Akwai abu ɗaya da zan ja hankalinka a kai, tunda mun zo nan. In ka ba tsohon mai gidan kuɗin ajiya saboda ɓarna, irin wanda ejan ke karɓa ranar kama haya, kada ka ɗauka kai tsaye ya bi gidan zuwa hannun sabon. A wata shari'a daga Hong Kong da aka yanke a Landan a tsakiyar shekarun 1980, an hukunta cewa mayar da irin wannan kuɗi alƙawari ne na wanda ya karɓa, ba na wanda ya gaje shi ba. Hukuncin bai zama dole a kan kotunanmu ba, amma ana kafa hujja da shi. Tun yanzu ka nemi tsohon mai gidan ya rubuta maka ko ya miƙa kuɗin ga mai saye, ko suna hannunsa.

A fiƙihun Malikiyya ma amsar ɗaya ce. Malamai sun bambanta hayar da aka yanke wa wa'adi, wadda ta zama lazimi a kan kowa har ta cika, da hayar wata-wata da ba a ƙayyade ƙarshenta ba, wadda kowa zai iya janyewa muddin ba a riga an biya kuɗin lokacin ba. Taka ta farkon ce. Sayar da gida ba ya warware ta, kai, ko mutuwar mai gida ko ta ɗan haya ba ta warware ta a mazhabarmu. Suratul Ma'ida kuwa da umarnin cika ƙulle-ƙullen alƙawari ta buɗe.

Notis ɗin wata guda da ejan ya kawo maka da baki, bai kai a kira shi notis ba. Mutane da yawa, har da masu gidaje, sun ɗauka notis yana yanke kowace irin haya. Notis na hayar da ke sabunta kanta ne: mai biyan mako a ba shi mako, mai wata a ba shi wata, mai wata uku a ba shi wata uku, mai shekara a ba shi wata 6, sai in takarda ta faɗi wani adadi daban. Hayar da aka ce daga ranar kaza zuwa ranar kaza, shekara 3 cur, ba a katse ta a tsakiya sai da ɗayan biyu. Ko dai akwai sakin layin da ya ba mai gida damar yanke ta kafin lokaci, ko kuwa ka karya wani sharaɗi kuma takardar ta ce karya shi na jawo ƙwace haya. Ka ɗauko takardarka ka karanta ta daga farko har ƙarshe kana neman waɗannan biyun. Ko bayan wa'adi ya cika, sai an ba ka takardar kwana 7 da ke sanar da kai cewa mai gida zai garzaya kotu, sannan a yi shari'a, sannan ma'aikatan kotu su zo da umarnin alƙali.

Yanzu rufin, wanda shi ne ya fi ci mini rai a wasiƙarka. Ka gode wa Allah da aka rubuta gyaransa a takarda, domin da ba a rubuta ba, da abin da zan gaya maka ba zai yi daɗin ji ba. A tsohuwar dokar Ingila, wanda ya ba da hayar gida babu kaya a ciki bai yi alƙawarin gidan zai zaunu ba, kuma ba dolensa ba ne ya gyara komai. Ka gani da idonka ka karɓa, shi ke nan. Ɗan sassaucin da aka yi shi ne na gidan da aka bayar da kayan ɗaki a ciki, kuma ya samo asali ne daga wata shari'a ta 1843, inda wani ya kama gida ya tarar kuɗin cizo ya cika shi, ya kwashe iyalinsa, kotu ta ce yana da gaskiya. Ingila ta daɗe da barin wannan matsayi. Dokarsu ta 1985 ta tilasta wa mai gida gyaran gini da rufi da hanyoyin ruwa da wuta a duk hayar gidan zama da ba ta kai shekara 7 ba, ko ya so ko ya ƙi, kuma ba a yarda ya kauce ta hanyar rubuta akasin haka ba. A 2018 suka ƙara da cewa dole gidan ya kasance mai zaunuwa ga ɗan Adam tun daga farkon haya har ƙarshenta. Dokar Faransa ta 1804, wadda ƙasashe irin su Nijar suka gada, tun asali a kan mai gida ta ɗora manyan gyare-gyare. A nan gida, Legas ta ɗan motsa da dokar hayarta ta 2011, wadda ta ce gyaran waje da wuraren da ake tarayya a kansu na mai gida ne, sai dai ta bar ƙofa a buɗe ga yarjejeniyar da ta faɗi akasin haka. Sauranmu, mafi yawa, muna nan inda Bature ya bar mu. A ganina wannan abin kunya ne ga majalisunmu. Talakan da ke kama ɗaki a Kubwa ko Nyanya ko Mararraba ba shi da bakin ciniki a kan sharuɗɗa. Takardar da ejan ya miƙo ita zai sa wa hannu, in ma akwai takardar. Irin wannan mutumin doka ya kamata ta tsaya wa, kuma ba ta tsaya masa ba.

Wani zai yi tsammanin fiƙihu ya fi sauƙi a nan, to a ji da kyau. Abin da ke cikin Muhtasar na Shehu Halilu, wanda alƙalanmu suka daɗe suna hukunci da shi, shi ne ba a tilasta mai gida ya yi gyara. Idan lalacewar mai cutarwa ce, kamar yoyon rufi, ɗan haya ke da zaɓi: ya warware hayar ya fita, ko ya zauna. In ya zaɓi zama, kuɗin haya na kansa. Ka ga a nan ma ba a buɗe ƙofar a zauna a ƙi biya ba. Abin da ya ɗaga matsayinka a ɓangarorin biyu shi ne sharaɗin da aka rubuta, mutumin ya karanta ya amince. Alƙawari kaya ne, ya kuma ɗauka.

Sai dai akwai gyara biyu a yadda ka bi hakkinka. Na farko, duk maganarka da baki ka yi ta. A ƙa'ida, laifin rashin gyara ba ya hawa kan mai gida sai an sanar da shi lalacewar an kuma ba shi lokacin da ya dace. "Na gaya masa ya fi a ƙirga" gaskiya ce, amma a kotu sai an tambaye ka yaushe, a gaban wa. In akwai saƙon waya ko na WhatsApp da kuka yi, ko muryar da ya turo yana cewa kafinta na zuwa, ka adana su kamar kuɗi. Asarar shaddar da ta faru a zamanin tsohon mai gida, shi za ka bi da ita, kuma rasit ɗin abin da ka biya masu kaya da shaidarsu su ne makamanka. Sabon kuwa, lissafinsa zai fara ne daga ranar da takardarka ta isa hannunsa. Don haka ka rubuta masa, da kwanan wata, da hotunan rufin da silin, ka ba shi wa'adi mai ma'ana, ka riƙe kwafin da aka sa hannun karɓa.

Na biyu shi ne wanda na fara da shi. Doka tana kallon alƙawarin biyan haya da alƙawarin gyara a matsayin abubuwa biyu, kowane tsaye da ƙafarsa, sai fa in takarda ta fito fili ta ɗaure ɗaya da ɗaya. Saɓawarsa ba ta halatta maka taka saɓawar. Abin da ta ba ka shi ne hakkin neman diyya, da neman kotu ta tilasta shi ya gyara. Kuma kusan duk takardar haya da lauya ya rubuta tana da sakin layin da ke cewa in kuɗi ya yi jinkiri na wasu kwanaki, galibi 21, mai gida na da ikon neman ƙwace hayar. Mutumin da ke son ka fita ba abin da yake jira sai wannan. Za ka shiga kotu kana mai ƙorafin rufi, ka fito kana mai bashin haya.

Akwai hanya ta tsakiya, wato ka gyara da kuɗinka ka cire daga haya. Wata kotun Ingila ta amince da ita a 1971, da sharaɗin gyaran na wuyan mai gida ne, an sanar da shi ya ƙi, kuma abin da aka kashe bai wuce kima ba. A nan, tambayar farko da za ka sha ita ce: ina amincewar mai gida a rubuce? Saboda haka kada ka kira kafinta gobe ka zabtare kuɗin da kanka. Ka samo ƙiyasin masu gyara biyu ko uku, ka haɗa da wasiƙarka, ka ce in ba zai gyara ba ya amince a rubuce ka gyara a cire. In ya yi shiru kuma damina ta matso, ka gyara don ceton sana'arka, ka riƙe kowane rasit, ka biya haya cikakkiya, sannan ka bi kuɗin gyaran a matsayin bashi. Hanyar ta fi tsawo, amma ba ta da rami. Kai ma kada ka manta da naka kason: ƙananan ayyuka irin su buɗe magudanar da ta toshe, sauya makullin da ka karya, gyara abin da yaranka na shago suka lalata. Tsufan da gini ke yi da kansa, kamar kodewar fenti, ba a bin ɗan haya da shi.

Batun yaro mai POS, a nan kana da ɗan laifi, kuma gara ka ji daga bakina. Ka sa hannu cewa sai da izini, kamata ya yi ka nema, ko don kauce wa irin wannan rana. Amma laifin bai kai girman da ejan ke ba shi ba. Doka ta bambanta ba da haya da ba da izinin zama. Wanda ka keɓe wa wuri, ka ba shi makulli, ya zama ko kai ba ka shiga sai da yardarsa, wannan ɗan haya ne. Wanda ya ajiye tebur a baranda da safe ya ɗauke da yamma, kuma kana iya ce masa ya matsa, izini kawai gare shi, ko da yana ba ka na goro. Ka dai duba lafazin takardar, don wasu lauyoyin sukan ƙara da hana yin tarayya da wani a wurin, in haka ne kuwa teburin ma ya shiga. Sannan in tsohon mai gida ya san da yaron, ya kuma karɓi kuɗin shekara ta biyu bayan ya sani, doka na ɗaukar ya yafe hakkinsa na ƙwace haya a kan wannan saɓawar. Duk da haka ina ba ka shawara ka sallami yaron cikin mutunci, ka taimaka masa ya samu wata inuwar. Dalilina shi ne sashe na 14 na dokar 1881. Ya wajabta wa mai gida ya rubuta wa ɗan haya laifinsa ya ba shi damar gyarawa kafin ya nemi ƙwace haya, ya kuma ba kotu ikon yin sassauci, amma ya cire saɓa sharaɗin ba wani haya daga wannan rangwame. Ɗan abin da yaron ke ba ka bai kai ka sa shagonka a wannan haɗari ba.

Ko da a ce ka karya kowane sharaɗi da ke cikin takardar, babu ɗaya da ya ba mai gida ikon cire maka wuta ko taɓa kwano. Wannan shi ne wurin da doka ta fi tsayawa da ƙarfi a bayanka. A Ingila a 1942 wani mai gida ya cire ƙofofi da tagogi don ya kori masu haya, kotu ta ci shi diyya. A 1953 wani ya yanke wa ɗan hayarsa gas da lantarki har ya bar gidan na 'yan kwanaki, aka hukunta cewa ya karya alƙawarin zama lafiya. Kotun Ƙolinmu ta faɗi haka a shari'ar Eliochin da Mbadiwe a 1986, ta maimaita a ta Iheanacho da Uzochukwu a 1997: mai gidan da ya ɗauki doka a hannunsa ya shiga wurin ɗan haya da ƙarfi ya yi kutse, ko da gidan nasa ne, kuma zai biya. Wadda ta fi shahara ita ce ta Cif Odumegwu Ojukwu. Gwamnatin soja ta Jihar Legas ta tura 'yan sanda kimanin 150 ɗauke da makamai suka fitar da shi daga gidan da ke lamba 29, titin Queen's Drive a Ikoyi, alhali magana na gaban kotu. A 1986 Kotun Ƙoli ta yi tir da wannan, ta ƙi biya wa gwamnatin buƙatarta tunda ta raina umarnin kotu. A zamanin soja ke nan. Abin da aka hana gwamna mai bindiga, ba ejan ne za a bar wa shi ba. A Legas ma dokar 2011 ta mayar da irin wannan aiki laifi, mai tarar da za ta iya kai naira 250,000 ko ɗaurin wata 6.

Game da 'yan sanda, ka san iyakarsu ta ɓangarori biyu. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015 ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai, don haka ba hurumin ɗan sanda ba ne ya fitar da kai ko ya tsare ka a kan haya. Amma kwashe rufi a kan mutum da kayansa ɓarna ce da kutse a ƙarƙashin Final Kod, wanda ke aiki a Abuja, wannan kuwa hurumin su ne. Ka kai rahoton barazanar a rubuce tun kafin a aikata. Wayar wutar kuma kada ka hau ka mayar da kanka ko ka kira wani ya yi maka a ɓoye. Ka kai ƙorafi ofishin kamfanin wuta, kada a juya maganar ta koma taɓa mita.

Ba zan rufe ido ga ɗaya ɓangaren ba, domin masu gidaje ma suna karanta wannan shafi, kuma da yawansu ba azzalumai ba ne. Akwai gwauruwar da hayar ɗakuna huɗu ce abincin marayunta, akwai ɗan fanshon da ya zuba duk abin da ya tara a gini ɗaya. Abin da ke tura wasunsu ga cire kwano shi ne jinkirin kotu da 'yan hayar da suka mayar da kuskuren notis sana'a. Shari'ar kamfanin Pillars da iyalan Desbordes, kan wani fili a Surulere, an shigar da ita a 1993, ba ta ƙare a Kotun Ƙoli ba sai 2021. A nan ne Mai Shari'a Helen Ogunwumiju ta nuna cewa in an shigar da ƙara an kai wa ɗan haya sammaci, ya riga ya san ana neman gidan, kuskuren da ke cikin notis ba zai zama mafakarsa ba. Lauyoyi na ta muhawara kan iyakar wannan magana, amma alƙiblar a bayyane take, kuma ina ganin daidai ce. Kai ba ka buƙatar irin wannan mafaka. Hujjarka wa'adi ne da bai cika ba da kuɗi da ka biya. In ya cika kuma mutumin bai son sabuntawa, gidansa ne, ka fita salin alin. Shi ya sa nake so ka fara neman wani shagon tun shekarar nan mai zuwa, kada kwastomominka su watse a rana ɗaya.

Abin da za ka yi a makon nan ga shi. Ka je wurin tsohon mai gidan ya ba ka takarda cewa ya sayar, ga sunan wanda ya saya, ga wanda za ka riƙa biya. Kada ka miƙa kuɗi ga ejan bisa maganar baki. Ka samu lauya ya rubuta wa sabon wasiƙa ɗaya da ta ƙunshi kwafin yarjejeniyar, da batun rufi, da neman a mayar da wuta, da gargaɗin cewa in aka taɓa kwano za ku nemi umarnin kotu na dakatarwa da diyya. In kuɗin lauya ya yi maka nauyi, ka tuntuɓi Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta Ƙasa, wadda ke aiki tun 1976, ko cibiyar sulhu ta Babbar Kotun Abuja da aka buɗe a 2003. Kada ka raina zaman sulhu a gaban mai unguwa ko liman ko shugabannin ƙungiyarku ta teloli. Sau da yawa mai saye yana da wani shiri ne a kan gidan, kuma in ya gane doka ba ta tare da shi, zai gwammace ya biya ka kuɗin tashi da na asararka ku rabu lafiya. In tayin ya yi maka, ka karɓa, amma a rubuta, a sa hannu, da shaidu.

Idan ranar biya ta zo, ka biya cikakke ta banki, ka rubuta a jikin turawar cewa kuɗin hayar shekara ta uku ne. In ya ƙi ba da lambar asusu ko ya dawo da kuɗin, lauyanka ya aika masa da takardar banki ta adadin tare da wasiƙa, kai kuma ka ajiye kuɗin gefe kada ka taɓa su. Allah ya warware maka cikin sauƙi, ya sa albarka a sana'a. Ka rubuto mana yadda kuka ƙare.